Flying Scotsman: Kuɗin Saye Ya Taru Cikin Makonni, Gyara Ya Ci Shekara Goma

A watan Fabrairun 2004 labari ya bazu a Birtaniya cewa za a yi gwanjon Flying Scotsman, kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi wanda babu na biyunsa a suna a duk faɗin ƙasar. Bashi ya yi wa kamfanin da ke riƙe da shi katutu, masu bin bashin kuma haƙurinsu ya ƙare. Aka ce duk mai so ya rubuta tayinsa ya liƙe a ambulan, za a rufe karɓa ranar 2 ga Afrilu. Abin da ya tayar wa mutane hankali shi ne kada wani attajiri daga waje ya taya da tsada, ya loda shi a jirgin ruwa, shi ke nan an rabu.

Babban gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya, wanda aka buɗe a birnin York a 1975, ba shi da kuɗin da zai shiga irin wannan ciniki daga aljihunsa. Sai ya kafa gidauniya, ya yi kira ga jama'a su ceci jirginsu. Mutane suka amsa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe, 'yan fansho, yara 'yan makaranta, kowa ya miƙo abin da ya sawwaƙa, har gudummawar jama'a ta kai fam 415,000. Attajirin nan Richard Branson, mai kamfanonin Virgin, ya ɗora fam 365,000. Asusun gwamnati na ceto kayan tarihi, National Heritage Memorial Fund, wanda aka kafa a 1980 don tunawa da waɗanda suka ba da rayukansu saboda ƙasar, shi ya ba da kaso mafi tsoka, fam miliyan 1.8. Da aka buɗe ambulan a farkon Afrilu, tayin gidan tarihin na fam miliyan 2.3 ya yi nasara.

In ka haɗa waɗannan kuɗaɗe uku ka cire kuɗin saye, abin da ya saura bai kai fam 300,000 ba. A riƙe wannan lissafi, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya.

Kafin a ga laifin kowa, ya kamata a san abin da ya sa mutane suka zuba kuɗi haka a kan ƙarfe mai shekara 81. An ƙera shi a masana'antar jirage ta Doncaster, ya fito ranar 24 ga Fabrairun 1923, bisa zanen injiniya Nigel Gresley, a kan kuɗi fam 7,944. A 1924 aka kai shi babban baje kolin daular Birtaniya a Wembley, aka ba shi lamba 4472 da sunan da ya shahara da shi, sunan jirgin fasinjan da ke tashi daga Landan zuwa Edinbura da ƙarfe goma na safe. Ranar 1 ga Mayun 1928 ya ja jirgin farko da ya yi wannan tafiya ta mil 392, kimanin kilomita 630, ba tare da tsayawa ko sau ɗaya ba. Dabarar da aka yi tana da ban sha'awa. Direba ɗaya da mai zuba kwal ɗaya ba za su iya awa takwas a gaban wuta ba, tsayawa a canja su kuma ya ɓata abin da ake nema. Sai Gresley ya fitar da wani ɗan lungu a gefen taragon kwal da ruwa da ke manne da kan jirgin, tsayinsa ƙafa biyar, faɗinsa inci 18. Idan an ci rabin hanya, sabon direba da mataimakinsa su taso daga taragon fasinja, su sunkuya su kutsa ta wannan lungu jirgi na ta sheƙa gudu, su karɓi aiki, waɗanda suka gaji su bi ta nan su koma su huta. Ruwa kuwa ana kwasar sa daga wasu dogayen kwatami da aka shimfiɗa a tsakiyar layin dogo, jirgi na tafiya. Ranar 30 ga Nuwamban 1934 ya zama kan jirgin tururi na farko a Birtaniya da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160.

To amma akwai wani tarihin da masu ba da gudummawa a 2004 ba su cika dubawa ba, wato tarihin waɗanda suka riƙe shi kafin gidan tarihin.

Lokacin da hukumar reluwe ta ƙasa ta sallame shi a Janairun 1963, bayan ya ci tafiyar fiye da mil miliyan 2, ba ya cikin jerin jiragen da gwamnati ta zaɓa ta adana. 'Yan gwangwan ne za su yanka shi. Wasu masoyansa sun yi yunƙurin tara fam 3,000, kuɗin ƙarfensa ke nan, suka kasa. Wani ɗan kasuwa mai suna Alan Pegler ya biya daga aljihunsa. A 1969 ya kai shi yawon tallar kayan Birtaniya a Amurka da goyon bayan gwamnatin Harold Wilson. Da gwamnati ta canja a 1970 goyon bayan ya janye, Pegler ya ci gaba da kuɗinsa, zuwa 1972 ya karye da bashin fam 132,000. Aka ɓoye jirgin a wani sansanin soja a Kalifoniya don kada masu bin bashi su kama shi, shi kuwa Pegler sai da ya yi aikin nishaɗantar da fasinjoji a jirgin ruwa kafin ya samu ya dawo gida. William McAlpine, ɗan gidan manyan 'yan kwangilar gini, ya biya bashin da ya wajaba ya dawo da jirgin ta mashigin Panama a 1973. Shi kaɗai ne ya riƙe shi fiye da shekara ashirin bai durƙushe ba, a hannunsa ma jirgin ya je Ostareliya, inda a watan Agustan 1989 ya yi tafiyar mil 422 ba tsayawa. A 1996 Tony Marchington, mai kamfanin binciken magunguna, ya saye shi, ya kashe kusan fam miliyan 1 a gyaran shekara uku. A 2003 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

Mutum biyu cikin ukun da suka riƙe shi sun fita ba ko sisi. Jirgin ya sha hannu, kowane mai shi ya yi masa gyara gwargwadon ƙarfinsa da gaggawarsa, kuma a ƙarshen zamanin Marchington yana hannun kamfanin da kuɗi suka yanke masa. Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota daga hannun mai neman kuɗi ido rufe ya san abin da wannan ke nufi: abin da ya dace a canja an ɗaure shi, abin da ya dace a kwance an shafe shi da fenti.

Gidan tarihin ya tura a duba jirgin kafin ya miƙa tayi, amma dubawar gaggawa ce, don ranar rufe ambulan ba ta jiran kowa. Kan jirgin tururi kuwa ba a sanin lafiyarsa daga waje. Sai an ɗaga tukunyar tururin gaba ɗaya, an cire ƙafafu, an kankare fenti da maiƙon shekaru har ƙarfe ya fito fili, an bi shi da na'urar gano tsagewa. Wannan aikin watanni ne, kuma mai sayarwa ba zai bari ka wargaza masa kaya kafin ka biya ba. Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama, to wannan cinikin a sama aka yi shi. Ni dai ban ga laifinsu a nan ba. Flying Scotsman shi kaɗai ya rage cikin jiragen ajinsa, an narkar da sauran duka, da ya kuɓuce babu inda za a samo wani. Ciniki ne da dole a yi shi ko da ido rufe.

Inda nake ganin kuskuren shi ne abin da aka yi bayan an biya.

Alama ta farko ta zo da wuri. An shirya ya shigo York da ƙarfin tururinsa a ƙarshen Mayun 2004, gaban dubban mutanen da suka taru don wani babban bikin jiragen ƙasa, sai ya samu matsala, dole aka sa kan jirgi mai dizal ya shigo da shi. Duk da haka aka sa shi jigilar 'yan yawon buɗe ido tsakanin York da garin Scarborough na bakin teku a 2004 da 2005, yana yi yana lalacewa, makanikai na ta faci. Dalilin a fili yake: mutane sun ba da kuɗinsu, suna so su ga abin da suka saya yana hayaƙi. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a yana jin nauyin ya nuna musu sakamako tun zumuɗinsu bai huce ba, kuma wannan nauyin ne ya riƙa tura gidan tarihin yin alkawarin da bai san ko zai iya cikawa ba.

A Janairun 2006 aka shigar da shi garejin gidan tarihin don yi masa garambawul. Kiyasin da aka yi shi ne shekara ɗaya da kimanin fam 750,000.

Abu na farko da ya ci lokaci shi ne tukunyar tururi. Wadda ke kansa a lokacin ta wani ajin jirage ce daban, mai ƙarfin matsi fiye da nasa na asali. Aka yanke shawarar a gyara wata tsohuwar tukunya ta ainihin ajinsa da aka samu tare da shi, aka kai ta kamfanin Riley & Son da ke garin Bury kusa da Manchester. Gyaran tukunya irin wannan ba waldar bakin titi ba ce. Akwatin wutar na jan ƙarfe ne, ɗaure da ɗaruruwan sanduna da ke riƙe bangonsa kada matsin tururi ya ɓare shi, ga bututu birjik da zafin wuta ke bi ta cikinsu. In ɗaya ya gaza jirgi na gudu, direba da mai zuba kwal ne a bakin wutar. Shi ya sa masu inshora ba sa sa hannu sai sun gamsu, takardar izinin da suke bayarwa kuma ba ta wuce shekara 10, daga nan sai a sake kwancewa.

Shekara ɗaya ta zama uku. A 2009 gidan tarihin ya sake komawa wurin jama'a yana neman ƙarin fam 250,000. Asusun kayan tarihi da ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa ya ba da fam 275,000, kamfanin ƙarafa na Tata Steel shi ma ya shigo da tallafi. Roƙo na biyu ya fi na farko wuya ko'ina ne. A karo na farko ana cewa ku zo ku ceci kayan gadonku kafin baƙo ya tafi da shi, akwai abokin hamayya, akwai ranar ƙarshe, jini na tafasa. A karo na biyu abin da za a ce kawai shi ne aikin ya fi yadda muka zata, ku ƙaro. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin makaranta ko masallaci ya san bambancin ranar ƙaddamar da gidauniya da ranar da aka dawo neman kuɗin rufi.

A ƙarshen Mayun 2011 aka fito da shi gaban 'yan jarida da masu ba da gudummawa, an shafe shi da baƙin fenti irin na lokacin yaƙin duniya na biyu, yana ƙyalli. Aka ce saura gwaji kawai, nan da 'yan makonni zai hau layi. Ba a yi wata guda cikakke ba aka gano tsagewa.

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Kan jirgin tururi yana zaune ne a kan wasu manyan faranten ƙarfe biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya, su ne ƙashin bayansa. Tukunya a kansu take, silindar da tururi ke shiga ya juya ƙafafu a jikinsu take, ƙafafu a cikinsu suke. A inda ƙarfen da ke ɗauke da kowace ƙafa ke shiga akwai wani tubalin ƙarfe da ke riƙe shi, yana ba shi damar motsi sama da ƙasa kaɗan. A waɗannan tubala aka fara ganin tsagewar. Da aka bi sauran jikin da na'ura sai ga ta a wurare da dama, har a ƙarafan da ke haɗa faranten biyu. Ma'ana, shekara biyar ana aiki, an gyara tukunya, an ɗora ta, an yi fenti, an kira 'yan jarida, alhali ginshiƙin da komai ke kansa ba a yi masa binciken ƙwaƙwaf tun farko ba. Dole aka sake sauke abin da aka ɗora. An yi rufi kafin a duba tushe.

Abin da gidan tarihin ya yi daga nan shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Ya ɗauko Bob Meanley, injiniyan da ya daɗe yana gyaran jiragen tururi a Tyseley da ke Birmingham, ya ce ya binciki yadda aka yi aka kai nan, kuma da rahoton ya fito a 2012 bai ɓoye shi a durowa ba, ya sake shi kowa ya karanta. Rahoton bai yi musu sassauci ba. Ya nuna cewa jirgin ya fi lalacewa nesa ba kusa ba fiye da yadda aka ɗauka lokacin saye, kuma dubawar gaggawar da aka yi ta ba da hoto mai daɗin da ya wuce gaskiya. Ya nuna kiyasin shekara ɗaya da kuɗin da aka ware ba su da tushe a ainihin aikin da ke ƙasa. Masu kula da aikin sun yi ta canjawa, garejin gidan tarihin kuma ba shi da isassun hannu da gogewar ɗaukar aiki mai wannan girma.

Akwai kuma wani abu da rahoton ya taɓo wanda ya shafi duk gidan tarihin da ke son tayar da tsohon inji. Aikin mai adana kayan tarihi shi ne ya riƙe kowane ƙusa na asali, don a wurinsa ƙarfen da aka ƙera a Doncaster shi ne tarihin. Aikin injiniyan da zai sa hannu jirgi ya ɗauki ɗaruruwan mutane a layin da jiragen zamani ke bi shi ne ya jefar da duk abin da ya gaji. Waɗannan biyun ba sa shan inuwa ɗaya, kuma ba a zauna tun farko an yanke wanne zai rinjaya ba. Ga kuma ɓangaren talla da ke son a sa rana don a sayar da tikiti. Da a ce jirgin zai tsaya ne a zaure mutane su zagaya shi, kamar yadda ɗan'uwansa Mallard mai tarihin gudun mil 126 a awa yake tsaye a York, da kwaskwarima ta wadatar, tsagewar ma ba za ta dami kowa ba. Amma abin da aka yi wa masu gudummawa alkawari jirgi ne mai tafiya.

A 2013 wani binciken ya ƙara gano cewa silindar tsakiya, ɗaya daga cikin ukun da ke tuƙa shi, ba ta zauna daidai ba, gyaranta kuma sai an taɓa gaban faranten nan biyu. Gidan tarihin ya amince cewa aikin ya fi ƙarfin garejinsa. A Oktoban 2013 ya ba Riley & Son kwangilar kammalawa, da sharaɗin su ne za su riƙa kula da shi da tafiyar da shi a shekara biyun farko. Wannan sharaɗi yana da hikima, don wanda ya san shi zai kwana da jirgin idan ya lalace a hanya ba zai yi aikin shafa-mu-lera ba.

A Janairun 2016 ya motsa da tururinsa a wani layin 'yan yawon buɗe ido da ke Bury. Shekara goma cif, kuma a lissafin gidan tarihin gyaran ya ci fam miliyan 4.2, fiye da ninki biyar na kiyasin farko, kusan ninki biyu na kuɗin da aka saye shi.

Akwai wani aiki da ya gudana a daidai wannan lokaci wanda ya dace a ajiye shi kusa da wannan. A 1990 wasu masoya jirage suka kafa ƙungiya don su ƙera sabon kan jirgin tururi fil, irin wani aji da aka narkar da shi kaf a shekarun 1960. Ba su nemi a yi taron gangami sau ɗaya a watse ba. Sun ce kowa ya ɗauki alkawarin ɗan abin da bai fi kuɗin kofin giya ɗaya a mako ba, kimanin fam 5 a wata, ya riƙa zubawa kamar adashi har a gama. Jirgin, mai suna Tornado, ya fito daga Darlington a 2008 a kan kimanin fam miliyan 3. Sabo dal ya fi gyaran tsoho araha, domin mai ƙera sabo ya san abin da ke cikin kowane ƙarfe, mai gyaran tsoho kuwa sai ya buɗe yake sani. Kuma kuɗin da ke shigowa wata-wata ya ba su damar tsara aiki gwargwadon abin da ke hannu, suna kuma da mutanen da za su ci gaba da zubi bayan jirgi ya hau layi. Gidauniyar 2004 ba ta da wannan. Kuɗin ranar ciniki ta tara, kuɗin riƙo kuwa aka bar shi sai abin da hali ya yi. A ganina da tun ranar da aka ci gwanjon an fito an ce wa mutane mun saya amma ba mu san cikinsa ba, ku ba mu shekara mu kwance shi kafin mu faɗi kuɗi ko rana, da waɗanda suka ba da fam 415,000 cikin 'yan makonni sun fahimta, da yawansu ma sun ɗauki alkawarin wata-wata.

Ranar 25 ga Fabrairun 2016 Flying Scotsman ya tashi daga tashar King's Cross a Landan zuwa York, cikin koren fenti da lamba 60103, kamanninsa na ƙarshen aikinsa a 1963. Jama'a suka cika tashoshi da gadoji da gonakin bakin hanya. Kusa da garin St Neots wasu suka tsallake shinge suka hau kan layin dogo da kyamarori, dole aka tsayar da shi, aka tsayar da sauran jiragen da ke bin layin, hukumar kula da layukan dogo ta biya diyyar jinkiri ta kusan fam 60,000. Alan Pegler bai ga wannan rana ba, ya rasu a Maris na 2012 yana da shekara 91, lokacin jirgin na warwatse a gareji.

A 2022, shekara shida kacal da dawowarsa, aka sake mayar da shi garejin Riley & Son, aka sake ɗaga tukunyar don a sabunta takardar izininta kafin bikin cikarsa shekara 100. Ranar 24 ga Fabrairun 2023 yana tsaye a tashar Waverley ta Edinbura, yana fitar da tururi.